Kada ka bari a taɓa fulin injin motarka da guduma

Na san kun saba ganin bayanin waya a nan, to yau mota za mu taɓa. Ni ba makanike ba ne, gyaran waya nake yi a Farm Centre a Kano. Amma abin da ya faru da motar yayana ya nuna min cewa ciwon da ke damun masu gyaran waya shi ne dai yake damun gareji: abu ya ƙi fita, sai a sa masa ƙarfi.

Yayana yana da Camry ƙirar 2000. Da ita yake haya, da ita ake cefanen gidansa da na mahaifiyarmu. Lokacin canja taimin bel ya yi, muka kai ta gareji. Kafin a kai ga bel ɗin sai an cire fulin da ke bakin karanshaf, wato babban fulin nan na ƙasan inji da yake juya bel ɗin caji da na sitiyari. An kwance notin tsakiya lafiya, fuli ya ce ba inda za shi. Tsatsa ta riƙe shi gam.

Sai na ga yaron gareji ya ɗauko guduma da wani dogon ƙarfe. Na ce wa maigidansa, "Oga, ba ku da fula ne?" Ya yi dariya ya ce, "Ƙanina, shekara ashirin ina wannan aiki, ka bari kawai." Na yi shiru, don kada a ce yaro ya yi wa babba rashin kunya. Aka yi ta duka, ana ɓanɓara ta baya, har fuli ya fito. Murfin roba na taimin ya tsage, aka ce ba komai.

Bayan sati uku, Yaya na kan hanyar Zariya da fasinja, fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi. Fulin ne ya rabu gida biyu. Mota ta kwana tara a ajiye, ga kuɗin janwe, ga sayen wani fuli a Ƙofar Ruwa, ga gida ba shigowar ko sisi. Har yau shirun da na yi yana damuna.

Ga abin da da yawanmu ba mu sani ba. Fulin nan ba dunƙulen ƙarfe ɗaya ba ne. Ƙarfe biyu ne, na ciki da yake zaune a kan karanshaf da zoben waje da bel yake hawa, a tsakaninsu akwai roba. Aikin robar shi ne shanye girgizar da karanshaf yake yi duk lokacin da fistin ya buga. Idan ka doki zoben waje ko ka ɓanɓare shi, robar kake yagawa. Ba lallai ka gani a ranar ba, sai mota ta hau titi. Sannan alamar saita taimin a jikin zoben wajen take, in ya zame, alamar ta koma ƙarya. Dukan kuma ba a fuli yake tsayawa ba, yana bin karanshaf har cikin inji, inda wasu siraran beyarin suke hana shi motsi gaba da baya. Su ma suna jin jiki.

To yaya ake yi? Abu ne mai sauƙi, haƙuri kawai yake so.

Da farko a fesa man sassauta tsatsa, irin su WD-40, a inda fuli ya haɗu da karanshaf, a bar shi ya jiƙa. Ko awa ɗaya ce, ko kwana, ba asara ba ce.

Na biyu, a kawo fula wadda ta dace. A fulin Camry irin ta Yaya akwai ramuka masu zare a ƙarfen ciki, an yi su ne musamman don wannan aiki. Ana ɗaura notocin fula a ramukan, a riƙa juya sandar tsakiya a hankali, fuli ya taho a miƙe. Fula mai ƙafa uku da take kama bakin zoben waje ba ta dace da fuli mai roba ba, ita ma yaga shi za ta yi.

Na uku, a kare zaren da ke cikin bakin karanshaf. A mayar da notin tsakiya a ɗan ɗaura shi, ko a sa wani ɗan ƙarfe, yadda sandar fula za ta tokare shi maimakon ta ci zaren. In zaren nan ya lalace, aiki ya koma babba.

Na huɗu, in ya ƙi duk da haka, a ɗan ɗumama ƙarfen ciki kaɗan, domin ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi. Kaɗan fa na ce. Wutar walda tana ƙona robar da oyil sil, ga kuma haɗarin fetur a kusa.

Sai a kula da ɗan ƙaramin makullin ƙarfe da ke cikin tsagin karanshaf, kada ya faɗi ya ɓata. Wajen mayarwa a goge tsatsar, a shafa mai kaɗan, a ɗaure noti daidai ƙarfin da littafin motar ya faɗa.

Akwai kuma dabarar da wasu ke yi tun wajen kwance noti: a tokare dogon sifana da jikin mota, a buga kik. Sifanar tana iya tsalle ta karya hannun mutum. Kuma tsofaffin Honda da yawa, irin Accord mai silinda huɗu ta 1998 zuwa 2002, injinsu baya yake juyawa, ka ga kik ƙara ɗaure notin zai yi. Su akwai abin riƙe fulinsu na musamman, mai kusurwa shida, milimita 50.

Na san abin da makanikai za su ce: kayan aiki sun yi tsada, kuma sun cire ɗaruruwa da guduma ba abin da ya faru. Ban ƙaryata su ba. Amma wanda fulinsa ya rabu a hanya ba ya dawowa ya ba da labari, gareji yake canjawa. Kuma fula sau ɗaya ake sayenta, in ba hali a aro a maƙwabta.

Mu ma masu kai gyara muna da namu laifin. Mu ne masu tsayawa a kan mutum muna "Oga yi sauri", mu ne masu taya aiki kamar muna sayen tumatir. Wanda ka hana shi lokaci, ka hana shi kuɗi, me ya rage masa in ba guduma ba? Sauri ya haifi nawa.

Ni kaina na taɓa yi. Ina sabon koyo, wata baiwar Allah ta kawo waya canjin batir, tana sauri. Maimakon in ɗumama gam ɗin da buloa, na zura ƙarfe na ɓanɓare, na tsinke fileks ɗin sikirin. Albashina na wata guda ya tafi a biya. Tun ranar, in sukuru ya ƙi fita, ajiye sukundireba nake yi in tambayi kaina me ya riƙe shi.

Don haka in ka kai mota, ka yi tambaya tun kafin a fara: da me za a cire fulin? Wayar da ke hannunka ma za ta taimake ka, rubuta sunan motarka da shekararta a YouTube, ka ga yadda ake cirewa. In ka ga an ɗauko guduma, ka ce cikin ladabi, "Oga don Allah a dakata, a nemo fula, zan jira, zan kuma ƙara kuɗin aiki." Ba raini ba ne, motarka ce, kuma kai za ka kwana a hanya.

Allah ya tsare mu da asara, ya sa albarka a sana'o'inmu.