Ra'ayinmu: A Tallafa Wa Ɗaliban Haɗa Magunguna

Tsakanin 2008 da 2009, yara fiye da 80 suka rasu a Nijeriya bayan sun sha maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda guba ta gurɓata. Ƙwararren mai haɗa magunguna shi ne garkuwar jama'a daga irin wannan masifa. Amma horar da shi a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello da ke Zariya, yakan ci shekara biyar ko shida, kuma ɗawainiyar takan gagari ɗan talaka komai hazaƙarsa.

Saboda haka muna kira ga attajiranmu da tsofaffin ɗalibai su kafa asusun tallafi na dindindin. A riƙa zaɓe bisa cancanta, a kuma bayyana lissafi kowace shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.