Ƙafar Sa Da Ƙafar Mai Sa

Jama'a, akwai wata ɗabi'a tamu da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. Bajimi ya fara ɗingishi, kafin azahar mun nemo likitan dabbobi, don mun san kuɗinsa zai faɗi a kara. Amma bajimin nan ya taka mana yatsa wajen lodi, sai mu ce ai ba komai, mu barbaɗa toka ko mu shafa baƙin mai, mu ɗaure da tsumma, mu kama hanyar Galabat.

Daminar da ta wuce haka wani abokin fataucinmu ya yi a nan Doka. Yana da ciwon sukari. Ya ce sai ya dawo daga Matama tukuna. Sati biyu yana taka laka da kashin shanu da silifa. Da aka kai shi Gadarif yatsan ya riga ya yi baƙi, sai yankewa. Ribar tafiyar duk ta tafi a magani.

Ba mu ce kowane tuntuɓe sai asibiti ba. Ƙaramin yatsa ya kumbura, yana miƙe, fata ba ta fashe ba, kana iya takawa, to ka ɗaure shi da na kusa da shi ka huta. Amma idan babban yatsa ne, ko ya karkace, ko taku ya gagara, a ɗauki hoto kafin a je wurin mai ɗori. Idan fata ta fashe a cikin turke, a wanke da ruwa da sabulu, sannan a tambayi allurar sarƙe-haƙora a ranar, musamman in an wuce shekara 5 ba a yi ba. Ƙwayar cutar a ƙasa da kashin dabba take, kuma takan yi kwana 3 zuwa 21 kafin ta nuna kanta. Mugunya, wari, ja yana hawa sama, kaluluwa ko zazzaɓi, waɗannan ba a kwana da su. Mai sukari kuwa, ko ƙwarzane ne ya nuna wa likita, don ƙafarsa ba ta cika jin zafi ba.

Sai ƙaya. Wannan ita muka fi rainawa. Kumburin da ba ya ciwo, yana girma wata da watanni, daga baya ya huda yana fitar da ƙwayoyi baƙaƙe ko farare, shi ne Larabawan nan ke kira nabit. Yana cin nama har ƙashi. Cibiyar bincikensa da aka kafa a Soba a 1991, yaƙin 2023 ya tsayar da aikinta a can. Tun yana ƙarami ake cire shi.

Wani zai ce wa zai riƙe masa shanu in ya tsaya? To, amfanin ƙungiya ke nan. Muna roƙon shugabanni su sa doka: duk wanda ya ji rauni a kara, 'yan'uwa biyu su tsaya a kan dabbobinsa har ya dawo daga asibiti.