Takarda Ɗaya, Harshe Biyu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ga labarin waɗansu 'yan'uwanmu Musulmi na tsibiran Sulu, can gabas mai nisa, cikin ƙasar Filifin. A da suna da sarkinsu, suna kuma rubuta harshensu da baƙaƙen Larabci kamar ajamin nan namu.

A 1898 Amurka ta ci Sifen da yaƙi, ta karɓi Filifin duka, ta biya dala miliyan 20, ba a ko shawarci mutanen da aka sayar ba. A 1899 Janar Bates ya ƙulla alkawari da Sarkin Sulu, Jamalul Kiram. Takardar kuwa harshe biyu gare ta. Ta Turanci ta ce mulki ya koma hannun Amurka, ta harshensu ta ce taimako da tsaro kaɗai. Dalilin lallashin, Amurka tana fama da yaƙi a arewacin ƙasar. Da ta gama da can, sai ta warware alkawarin a 1904. Aka aza harajin kai. Waɗanda suka ƙi suka hau dutsen Bud Dajo, a watan Maris na 1906 aka kashe su ɗaruruwa, har mata da yara. Cikin wannan watan ne Nasara suka ƙone Satiru kusa da Sakkwato. A 1915 sarkin ya sa hannu ya bar mulki, aka bar masa shugabancin addini.

Abin da bindiga ta rage, alƙalami ya ƙarasa. A babban tsibirin Mindanao aka ce gona sai mai takarda. Wanda ya gaji ƙasa kaka da kakanni bai rubuta ba, baƙo ya zo ya rubuta, ta zama tasa. An zubar da jini mai yawa kafin su sami ɗan ikon kansu a 2019.

To, jama'a, mu a Ungogo birnin Kano yana ta matsowa, gonakin gado suna komawa filaye, takardun ciniki kuwa da Turanci. Kada wanda ya dangwala yatsa sai amintacce ya karanta masa kalma kalma, gaban shaidu. Alkur'ani ya umurce mu da rubuta bashi da kafa shaidu ga ciniki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya tsare mu da zalunci, amin. Wassalam.