In Mai Ciwon Hanta Ya Fara Mayar Da Dare Rana, A Ajiye Ƙwaya A Nemi Likita

Kowace safiya a Junju, garin da takardun gwamnati ke rubutawa Dioundiou, tambayar farko da muke yi wa juna ita ce "ina kwana?" Amsar kuwa a shirye take tun kafin a rufe baki: lahiya lau. Ko wanda ya raba dare yana juyi a kan tabarma haka zai ce. Ladabi ne, ba ni da ja a kansa. Sai dai akwai wasu mutane a cikin gidajenmu da ya kamata a riƙa ɗaukar amsarsu da nauyin takardar gwajin jini. Su ne masu ciwon hanta da ya yi nisa, wanda likitocinmu ke kira siroz, wato hanta ta yi ta ciwo tana warkewa da tabo, tabo a kan tabo, har ta ƙeƙashe ta kasa aikinta.

Duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan mara lafiya ya san hoton. Dare ya tsala, gida ya yi tsit, shi idonsa biyu. Sai an kira assalatu barci zai ɗauke shi. Ya tashi da hantsi a gajiye kamar wanda ya wuni a gonar rake, bayan azahar kuma yana gyangyaɗi a tsakiyar hira. Mu kuma ba mu rasa abin faɗa. Wani ya ce tunani ne ya yi masa yawa. Wata ta ce ragwanci ne ya kama shi tun da ya daina zuwa fadama. In ya fara sambatu ko ya kira ɗansa da sunan ƙanensa da ya rasu, shi ke nan, an yanke hukunci: iska ce, ko jifa aka yi masa. A kawo hayaƙi, a kawo rubutu, a aiki yaro kasuwa ya sayo ƙwayar barci. Wannan ƙwayar ita ce dalilin rubutuna.

Bari mu fara da abin da aka sani. Wani bincike da aka buga a mujallar Hepatology a shekarar 1998 ya samu cewa kusan rabin masu siroz da aka tambaya ba sa samun barci mai gamsarwa, alhali a cikin masu lafiya da aka kwatanta su da su ba a kai biyar cikin ɗari ba. Kuma waɗannan marasa lafiyar hankalinsu garau yake, ba su fara rikicewa ba. Ke nan rashin barcin yana cikin ciwon, kamar yadda kumburin ciki da shawara suke cikinsa.

Dalilan suna da yawa. Akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya shiga, sunansa melatonin, shi ke gaya wa jiki dare ya yi. Hanta ce ke share shi daga jini. Idan ta ƙeƙashe sai sharar ta yi nawa, sinadarin ya wuni a jini, lokacin tashinsa da dare kuma ya ja baya. Agogon jikin mutum ya koma kamar agogon masallacin da aka manta ba a gyara ba, yana tafiya amma ba daidai da rana ba. A kan wannan sai ka ɗora ƙaiƙayin fata da ya fi tsananta da dare, da ɗaurewar tsokar ƙafa da ke tayar da mutum da ihu, da cikin da ya cika da ruwa har kwanciya rigingine ta zama wahalar numfashi. Ga kuma maganin rage ruwan jiki, wanda in an sha shi da yamma sai mutum ya kwana yana zarya tsakanin shimfiɗa da makewayi. Mu ƙara da namu na gida: zafin watan Afrilu a ɗakin kwano, da sauron fadama da damina.

Wannan duk wahala ce, amma ba ita ce ke kisa ba. Abin tsoro shi ne barcin rana mai nauyi da ya zo tare da canjin hali. Ƙwayoyin halittar da ke cikin hanjinmu suna samar da amoniya. Lafiyayyar hanta tana juya ta zuwa yuriya, sinadari guda da na farin takin zamani da manomanmu suka sani, ƙoda ta fitar da ita a fitsari. A jikin mai siroz jini yana kewaye hanta ta wasu jijiyoyin, ya wuce da dattinsa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. Daga cikin alamun farko akwai juyewar dare da rana. Sai mantuwa, sai fushi ba dalili, sai ɗan kasuwar da ya shekara talatin yana lissafi da ka ya kasa ba da canjin jika guda. In ka ce ya miƙa hannuwansa gaba ya ɗaga tafukan sama, za ka ga suna faɗuwa suna tashi kamar fiffiken tsuntsu. In ba a yi komai ba, barcin yana ƙara nauyi har ya zama suma.

A lura da bambancin nan da kyau, don kada mu tayar wa mutane hankali a banza. Kasa barci da dare shi kaɗai ba ya nufin ƙwaƙwalwa ta taɓu. Wanda ba ya iya riƙe idonsa da rana, ana magana da shi yana ɓacewa, halinsa ya sauya cikin kwana biyu ko uku, wannan shi ne wanda ba a jira da shi sai gobe.

To, yanzu ku duba abin da muke yi. Mutumin da ƙwaƙwalwarsa ta riga ta fara nutsewa cikin amoniya, shi muke ba diyazefam don ya samu ya runtsa. Wannan ƙwayar hanta ce ke narkar da ita. Hantar da ta gaza ba ta iya fitar da ita a kan lokaci, sai ta daɗe a jini, a ƙara wata gobe da dare, ta taru. Aikinta kuwa danne ƙwaƙwalwa ne, daidai inda ciwon yake dannewa. Da safe a ce alhamdu lillahi, jiya Baba ya yi kwana. Azahar ta yi bai tashi ba, a ce a bar shi ya rama bashin barci. La'asar ta yi a girgiza shi, shiru. Sannan a fara neman mota.

Kuma samun ƙwayar ba wuya. Mu mutanen iyaka ne, Najeriya tana gabas da mu, Gaya tana kudu, Malanbil ta Binin tana tsallaken kogi. Abin da ya sa kasuwanninmu suke da albarka shi ne ya sa magani ke yawo a faranti da bayan babur, a rana, ba takardar likita, ba mai tambayar wa za a ba. Tramol ma haka, wanda ake ba mara lafiya don ciwon jiki, shi kuma ya ƙara masa da taurin bayan gida, alhali taurin bayan gida yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da wannan rikicewar. Ban ɗora laifin duka a kan yaron da ke talla ba, shi ma cikinsa yake nema wa. Ban kuma ɗora shi a kan matar da ta aika a sayo ba. Ita ce ta yi sati uku ba ta runtsa ba, tana sosa masa baya, tana riƙe shi zuwa makewayi, da gari ya waye ta ɗora tukunya. Ba wanda ya taɓa tambayarta ita ya nata kwanan. Ba kuma wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce, Inna, wannan ƙwayar ga mai ciwon hanta guba ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganin farko na wannan matsala ba wani abin a zo a gani ba ne. Laktuloz sunansa, ruwa ne mai zaƙi da ke sassauta ciki ya rage amoniyar da ke shiga jini, likita yana daidaita shi yadda mara lafiya zai yi bayan gida mai laushi sau biyu ko uku a rana. Ba ya buƙatar firij. Sauran aikin shi ne neman abin da ya tayar da rikicin: zazzaɓi ko wata cuta da ta shiga, bushewar jiki daga gudawa ko yawan maganin rage ruwa, ko jini da ke zuba a ciki, wanda alamarsa baƙin kashi ne kamar kwalta ko aman jini. Mutum kan dawo hayyacinsa sarai in an kama abin da wuri.

Akwai kuma abin da ke hannun gida. A fitar da shi ya sha hasken safiya maimakon a bar shi a ɗaki mai duhu har azahar, hasken yana taimaka wa agogon jiki. A tambayi likita ko za a iya mayar da maganin rage ruwa zuwa safe. A daina shayi mai kauri bayan magariba, na san wannan magana ba za ta yi wa ƴan fada daɗi ba. Sannan a bar tsohuwar al'adar hana mai ciwon hanta duk wani abinci mai gina jiki. Tsoka ma tana taya hanta kwashe amoniya, in ya rame ya ƙare abin ƙaruwa yake. Likitocin hanta yanzu cewa suke ya ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ya kuma ɗan taɓa wani abu kafin ya kwanta, ko kunu ne ko fura da nono, don kada jiki ya kwana yana cin naman kansa. Gishiri dai shi ake ragewa in ciki ya tara ruwa. Diklofenak da ibuprofen kuma a nesanta su da shi, suna taɓa ƙoda suna jawo zubar jini.

Wani zai ce mi ya haɗa matashin Yamai ko Doso da wannan magana, ai ciwon tsofaffin ƙauye ne. A ƙasashenmu babban tushen siroz shi ne ciwon hanta nau'in B, ba giya ba kamar yadda ake tsegumi a bayan idon mara lafiya. Mafi yawan masu ɗauke da shi sun same shi ne wajen haihuwa ko a ƙuruciya. Jaririn da ya kamu, kusan tara cikin goma zai rayu da shi, shiru, shekara ashirin ko talatin ba ciwon kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a 2022, kuma kashi 63 cikin ɗari na sababbin kamuwa a Afirka suke. Nijar ta shigar da rigakafinsa cikin allurar yara a 2008. Ku lissafa. Ni da mafi yawan masu karanta wannan shafi an haife mu kafin nan. Mun wuce layin allura kafin allurar ta iso. Mu ne muke shiga shekarun da ciwon ke fara nuna fuskarsa, kuma da yawanmu ba mu taɓa yin gwaji ba, wasu sai ranar ba da jini ko gwajin aure suke ji. Alhali akwai tenofobir, ƙwaya ɗaya a rana, da ke danne cutar ta hana hanta kaiwa wannan matakin ga wanda likita ya ga yana buƙata.

Junju ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan shekaru tana ƙarƙashin Gaya. Gunduma ba tuta da ofis kaɗai ba ce. Mutumin Karakara ko Zabori da mahaifinsa ya ƙi farkawa ƙarfe biyun dare, tsakaninsa da babban asibitin Doso tafiya ce ta sa'o'i da kuɗin mai da ba kowa ke da su a aljihu ba, Yamai kuwa ta ƙara nisa da wajen kilomita 140. Shi ya sa nake ganin aikin a ƙasa yake, a ƙananan asibitocin CSI da ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Rage kuɗin asibiti da gwamnati ta yi a 2024 abu ne mai kyau, na yaba, amma ragin bai amfani wanda aka kawo shi a sume bayan kwana uku na hayaƙi da ƙwaya.

Abin da nake nema wurin masu kula da lafiya a jihar Doso bai fi ƙarfinsu ba. Duk ma'aikacin da mai siroz ya zauna gabansa ya tambaye shi barcinsa, ya kuma tambayi mai jinyarsa, don ita ta fi shi sanin gaskiya. A samu laktuloz a kan kanta a matakin gunduma, a farashin da talaka zai iya. A yi wa kowace mai ciki gwajin nau'in B a wurin awo, jariri kuma ya samu allurarsa cikin sa'o'i 24 na haihuwa kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, har da wanda aka haifa a gida. Gidajen rediyon karkara su faɗi maganar ƙwayar barci da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, a lokacin da mata ke saurare, ba sai ranar 28 ga Yuli da ake bikin ciwon hanta a raba riguna a watse ba.

Ku kuma da kuke birni kuna tura kuɗin magani gida ta waya, in kun kira ku wuce gaisuwa. Ku tambaya ƙarfe nawa ya yi barci, sau nawa ya yi bayan gida yau kuma wane launi, ya gane mutane ko bai gane ba. Ku ce a ɗauko duk ƙwayoyin da ke ƙarƙashin matashinsa a ɗauki hotonsu a turo muku, ku nuna wa likita ko mai kantin magani na gaskiya. In akwai diyazefam ko tramol a ciki kuma ya daɗe yana sha, kada a yanke masa rana ɗaya, yankewar ma tana da nata haɗari. A kai shi asibiti tare da ledar maganin gaba ɗaya.