Ɗalibi muke so a fili, ba ɗan haya ba

Malamai da iyaye, bari in kai ku Amurka, daga baya mu dawo gida.

A jihar New York akwai makarantar horar da hafsoshin sojan ƙasa mai suna West Point, wadda aka kafa a 1802. Tana da ƙungiyar ƙwallon Amurka, wato ƙwallon nan mai siffar ƙwai da ake rungumewa a ruga da ita. A kakar 2024 ƙungiyar ta yi wasa 14, ta ci 12, abin da ba ta taɓa yi ba a tarihinta. Ranar 6 ga Disamba ta doke jami'ar Tulane da 35 da 14, ta ɗauki kofin rukuninta a shekarar farko da ta shige shi.

Ba kofin ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Tun 2021 aka bar ƴan wasan jami'o'in Amurka su karɓi kuɗin talla da sunansu, yanzu manyan jami'o'i na farautar gwanaye kamar ana cinikin raguna a jajibirin layya. Ɗaliban West Point ba su da izinin karɓar wannan kuɗi. Wanda ya zo daga wata jami'a, sai ya koma aji ɗaya. Ɗan wasa na shiga aji, ya yi fareti, ya zana jarrabawa kamar kowa, kuma in ya gama yana da shekara 5 na aikin soja a gabansa.

Na san za a ce ai Notre Dame ta lallasa su 49 da 14, makarantar sojan ruwa ma ta kayar da su 31 da 13. Haka ne. To sai me? Da ɗalibansu suka faɗi, da ɗalibansu suka tashi.

Ni kuwa da idona na ga wata makaranta ta shigo gasar yara da ƙatti masu gemu waɗanda ba su san ƙofar aji ba. An yi musu takardu, an ba su riga, yaran da ke zuwa lakwal kullum suna zaune a bakin fili suna kallo. Malamai ne suka shirya haka, iyaye suka yi tafi. Yaron da aka zaunar ya koyi darasi guda: hanyar nasara ita ce maguɗi. Gobe in an kama shi da satar amsa, da wane baki mushe zai yi masa faɗa?

Ga abin da nake nema. Kafin kowace gasa, a kawo rajistar aji a kira suna a fili, wanda ba ya ciki ya cire riga. Iyaye kuma mu daina tambayar ko an ci kofi, mu tambayi wa ya buga. In makaranta ta sha kashi da yaranta, gobe sai su koma atisaye. In ta ci da ɗan haya, ba ta da abin da za ta koya wa kowa.