Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Las Begas da Masu Ƙaura Zuwa Cikinta

Akwai wata magana da dillalan gidaje da masu tallar jihar Nebada, can yammacin Amurka, suka daɗe suna nanatawa har ta zama kamar karatun allo. Wai duk wanda tsadar Kalifoniya ta isa, ko baƙon da ya sauka Amurka bai san inda zai dosa ba, ya tattara nasa ya nasa ya koma Las Begas. A can, in ji su, jiha ba ta taɓa albashin kowa da sunan haraji, gida na da araha, aiki kuwa ba ya yankewa, tunda gari ne da ba ya barci. Jama'a sun saurara. Gundumar Clark, wadda birnin ke cikinta, ba ta kai mutum dubu 50 ba a shekarar 1950. Yau ta haura miliyan 2 da dubu 300. Ba wanda zai ce duk waɗannan bayin Allah wawaye ne. Sai dai tallar da ta jawo su ta ɓoye musu babban abu guda: ba don mazauni aka gina wannan birni ba. An gina shi ne don baƙon da zai kwana uku ko huɗu, ya zubar da abin da ya zo da shi, ya koma gida.

Tarihin garin bai ɓoye wannan ba. A 1905 zango ne kawai na jirgin ƙasa a tsakiyar hamada. A 1931, cikin tsananin karayar tattalin arziki, Nebada ta halatta caca, ta kuma rage wa'adin zaman mai neman sakin aure zuwa mako 6, wato ta zaɓi ta sayar wa maƙwabta abin da dokokinsu suka hana su a gida. Babban titin gidajen cacar nan da duniya ke gani a sinima, wanda suke kira Strip, galibinsa ba ya ma cikin iyakar birnin. Da magajin gari ya yi yunƙurin haɗe shi da birni a 1950, don ya samu kuɗin yi wa jama'a aiki, sai masu gidajen caca suka garzaya wajen hukumar gunduma aka yanka musu yanki nasu na daban. Sunan da aka raɗa wa yankin shi ne Paradise, ma'ana Aljanna. Tun daga ranar aka san wanda ke cikin aljannar da wanda ke share ta.

Hukuncin caca a addini sananne ne, ba kuma shi ne abin tattaunawa a nan ba. Lissafi kaɗai ya isa. Faifan nan mai juyawa da ake kira rulet yana da gurbi 38 a tsarin Amurka, amma wanda ya dace da lambarsa ninki 35 ake biyan sa. Idan mutum ya aza dala ɗaya a kan kowane gurbi, ya kashe 38 ke nan, kuma tilas ɗaya daga ciki ta ci. Abin da zai dawo hannunsa 36 ne. Biyun nan da suka ɓace, kashi 5 da ɗoriya cikin ɗari, su ne suka gina benaye da fitilu da maɓuɓɓugan ruwa masu rawa. Ɗan ajin ƙarshe na firamare zai iya warware wannan a kan allo, kuma lissafin bai bambanta ba da na rumfunan cacar dawaki da ke bakin titunan Yamai da Maraɗi. A 2024 gidajen cacar Nebada sun ci fiye da dala miliyar 15 daga hannun ƴan wasa. Mai gida ba ya caca. Kasuwanci yake yi da tabbas.

Masu kare birnin sukan ce ai wannan kuɗin baƙi ne, ɗan gari yana can unguwarsa nesa da hayaniya, yana kai ƴaƴansa makaranta kamar kowa. Wannan ita ce ƙarya mafi daɗin ji. Injin caca na tarbar mutum tun a filin jirgin sama, yana biye da shi kantin cefane, yana jiran sa a gidan esansi. Akwai rukunin gidajen caca, irin na kamfanin Station Casinos, da aka kafa su musamman a cikin unguwanni don mazauna, da gidajen abinci da sinima, wasu ma har da wurin ajiye yara. An daɗe ana canza wa ma'aikaci takardar albashinsa zuwa tsabar kuɗi a cikin gidan cacar, inda tsakanin taga da ƙofar fita sai ya ratsa ɗaruruwan injina. Natasha Dow Schüll, masaniyar halayyar al'umma, ta yi shekaru tana bincike a garin, kuma littafinta na 2012 ya nuna yadda ake ƙera injinan nan da gangan, sautinsu da haskensu da saurinsu, don mai wasa ya manta da lokaci. Da yawa daga waɗanda ta zanta da su mazauna garin ne, wasunsu ma a gidajen cacar suke aiki. Baƙo ya yi asarar kwana uku ya hau jirgi. Ɗan gari kuwa gobe ma a nan zai sayi burodi.

Sai batun haraji, wanda shi ne ƙashin bayan tallar. Gaskiya ne jihar ba ta cire komai daga albashi. To amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Harajin saye da sayarwa a gundumar Clark ya haura kashi 8 cikin ɗari, shi kuwa irin wannan lanho bai san mai share ɗaki da mai otel ba, daidai yake yankar su. Su gidajen cacar, mafi yawan abin da jiha ke karɓa daga cinikinsu kashi 6.75 ne cikin ɗari, alhali jihar Fensilbaniya tana karɓar fiye da rabin abin da injinan caca suka tara. Giɓin da ke tsakani, wani ne ke cike shi, kuma ba a wahalar gano ko wane ne: yaron makaranta.

A nan ya kamata malamai su tsaya su duba da kyau. Hukumar makarantun gundumar Clark ita ce ta biyar a girma a duk Amurka, da ɗalibai wajen dubu 300. Shekara da shekaru Nebada na sahun baya a yawan kuɗin da ake kashe wa kowane ɗalibi, tana kuma sahun gaba a cunkoson aji. An sha buɗe shekarar karatu da ɗaruruwan guraben malamai babu kowa, har ta kai a 2017 aka je ƙasar Filifin aka ɗauko malaman yara masu buƙata ta musamman. Duk da haka, a watan Oktoban 2016 an kira majalisar jiha zama na gaggawa, ba don makarantu ba, don ta amince da dala miliyan 750 daga harajin ɗakunan otel a gina wa ƙungiyar ƙwallon Raiders fili. A 2023 aka sake amincewa da tallafin da zai iya kai dala miliyan 380 don wani filin wasan, a inda otel ɗin Tropicana yake, wanda aka rushe a shekara ta gaba. Ƙungiyar malaman jihar ta tashi tsaye tana adawa, ba ta iya tsayar da shi ba. Za a ce ai a 2023 ɗin ma an ƙara wa ilimi kimanin dala miliyar 2. An ƙara, ba musu. Amma a cikin shekarar dai malaman gundumar suka yi watanni suna ja-in-ja kan albashi, alƙali ya yanke cewa rashin zuwansu aiki yaji ne da dokar lokacin ta haramta, sai a watan Disamba mai sulhu ya raba gardamar. Jihar da ke iya taruwa cikin mako guda saboda ƙwallo, ta bar malaminta yana jiran hukunci har zangon farko na karatu ya ƙare.

Aikin da aka ce ba ya yankewa, sau biyu ya yanke cikin shekara goma sha biyu. Garin da ke rayuwa da rarar kuɗin wasu shi ne farkon faɗuwa idan rarar ta ƙafe. Bayan rikicin bankuna na 2008, Nebada ta yi shekaru tana kan gaba a yawan gidajen da banki ya ƙwace. Gidan da ake sayarwa wajen dala dubu 315 a 2006 ya koma ƙasa da dubu 120 a farkon 2012. Waɗanda suka zo neman araha suka wayi gari bashin da ke wuyansu ya ninka darajar gidan. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa gwamna Steve Sisolak ya rufe gidajen caca har zuwa farkon Yuni, kuma a watan Afrilu kusan mutum 3 cikin kowane 10 na ma'aikatan jihar ba su da aiki, abin da ba a gani a wata jiha ba. Ita kuwa arahar gidan ta zama tatsuniya: a 2025 matsakaicin farashi ya haura dala dubu 470. Ƙarƙashin titin fitilun nan akwai manyan magudanan ruwan ambaliya inda ɗaruruwan marasa muhalli ke kwana, kamar yadda ɗan jarida Matthew O'Brien ya bayyana tun 2007.

Zancen zafi ba zai razana mutumin Tawa ko Damagaram ba, ko da yake digiri 49 da aka auna ranar 7 ga Yulin 2024 ba wasa ba ne, kuma waɗanda zafin shekarar ya yi sanadin ajalinsu a gundumar sun haura 500. Ruwan saman da ke sauka a shekara bai wuce irin na Agadas ba. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan sha daga tafkin Mead yake zuwa, bayan madatsar Hoover a kan kogin Kolorado, tafkin da a 2022 ya janye har ya koma kusan rubu'in cikinsa, gawawwakin da aka manta da su suka fara bayyana a gaɓa. A yi wa hukumar ruwan garin adalci: tana tace kusan duk ruwan da aka yi amfani da shi cikin gida ta mayar tafki, ta kuma rage ɓarna ƙwarai. Amma tsimi ba ya haifar da kogi.

Saura hujja guda, ita ce kuma mafi ƙarfi a hannun masu yabon garin: a Las Begas mai gyaran gado a otel, wadda ba ta yi dogon karatu ba, tana iya samun albashin mutunci da inshorar asibiti, har ta mallaki gida. Haka ne. Sai dai a tambaya, wa ya ba ta? Ba sa'a ba ce, ba kuma kirkin masu otel ba. Har zuwa 1960 baƙar fata, ko da shahararren mawaƙi ne irin Sammy Davis ko Nat King Cole, yakan nishaɗantar da Turawa a dandali, sannan a nuna masa hanyar unguwar yamma ya je ya kwana. Abin da ma'aikacin otel ke taƙama da shi yau, sandikar ma'aikatan girki da otel ce ta ƙwato shi, wadda aka kafa a 1935, mai mambobi wajen dubu 60, akasarinsu mata da ƴan ci-rani. Hattie Canty, baƙar mace mai share ɗakuna, haifaffiyar Alabama, ita ke shugabancin sandikar lokacin da ma'aikatan otel ɗin Frontier suka fita yaji a watan Satumban 1991. Sun tsaya a bakin ƙofa dare da rana, cikin zafi da hunturu, shekara 6 da wata 4, har aka sayar da otel ɗin, sabon mai shi ya mayar da su bakin aiki a farkon 1998. A ƙarshen 2023 barazanar wani yajin ta sa manyan kamfanonin titin suka sa hannu kan ƙarin kusan kashi 32 cikin ɗari a tsawon shekara 5. Wannan labari ba ya cikin takardun talla na dillalai. Ba ya kuma shafar direban tasi ɗan Habasha da ke layi a filin jirgi, ko mai wanke kwano a ƙaramin gidan abincin da sandika ba ta kai ba.