Kafin mu ɗora wa kwamfuta laifi

Masu koyon tace bidiyo a cikinmu kan yi kukan hoto na sanƙarewa a Premiere Pro ko DaVinci Resolve, har wani ya fara tara kuɗin sabuwar kwamfuta. Sau tari matsalar daga kodek take, wato dabarar da aka bi wajen matse hoton.

MP4 da MOV mazubi ne kawai. Abin da wayoyinmu ke zubawa a ciki shi ne H.264 ko H.265. Waɗannan kan ajiye hoto ɗaya cikakke, sannan a hotunan da ke biye su rubuta abin da ya canza kawai. Fayil ba ya nauyi, amma duk inda muka yanka sai kwamfuta ta sake lissafi.

ProRes da Apple ya fitar a 2007, da DNxHD na kamfanin Avid, suna ajiye kowane hoto cikakke. Aiki na tafiya sumul, sai dai cin wuri: awa ɗaya ta ProRes 422 a 1080p takan haura gigabayit 50.

In wurin ajiya ya yi mana kaɗan, mu sa manhajar ta yi mana furoksi, wato kwafi mara nauyi da za mu yi yanka da shi. In an gama, manhajar ta koma kan na asali, mu fitar da aikin a H.264 don YouTube.

Kuma mu karɓi bidiyo ta filashi ko kebul. WhatsApp kan ƙara matse shi, ingancin da ya zube kuwa ba ya dawowa.